BA KOWANE HAUKA NE NA ISKA BA

Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san yadda abin yake faruwa. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, ko mai ga-ruwa a Agege, ko ɗan dako a kasuwar Shagamu, ko mai gadi a Badun, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sai ya yi kwana bakwai ko goma yana fama da zazzaɓi da ciwon kai, yana sayen ƙwayoyi a kemis yana haɗiya. Ran nan da dare sai ya tashi yana sambatu, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, yana tsintar abin da babu a jikin tabarma, in an riƙe shi ya kai duka. Kafin gari ya waye magana ta gama zango. Wannan ya ce iska ce ta buge shi a bakin ruwa, wancan ya ce jifa ne aka yi masa daga gida.

Abin da kan biyo baya shi ma sananne ne. 'Yan garinsu su yi karo-karo, a ɗaure shi da rawani ko da igiya, a nemi tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa, a sa shi ciki tare da ɗan rakiya. Tausayi ne ke kawo haka, don babu mai son ɗan'uwansa ya shiga bola a garin da ba nasa ba. Amma daga Ikko zuwa Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, cikin rana da ƙura da jijjiga, kuma akwai waɗanda ciwonsu ba zai jira ƙarshen wannan tafiya ba. Dalili kuwa shi ne, wani haukan ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma yana jin maganin asibiti in an yi hanzari.

Wannan ba baƙon zance ba ne ga Bahaushe. Tun kaka da kakanni an san cewa wanda mahaukacin kare ya ciza yakan yi makonni lafiya lau, sa'an nan ya birkice, ya riƙa firgita, ya kasa haɗiyar ruwa, har rai ya yi halinsa. Ba wanda ke cewa aljani ne. Kowa ya san daga bakin karen abin ya fito. Abin da likitoci suka ƙara a kan wannan sani shi ne, ba kare kaɗai ba ne. Ruwan sha, da sauro, da ƙudan tsando, da hannun da ba a wanke ba, kowannensu yana iya kai cuta har ƙwaƙwalwa.

ZAZZAƁIN TAIFOT

Wanda ya fi shafar mazauna zango shi ne taifot. Ƙwayar cutar daga bayan-gidan mai ɗauke da ita take fitowa, ta shiga ruwa ko abinci. Inda rijiya ke maƙwabtaka da masai, inda mutum goma ke kwana ɗaki ɗaya suna sha a moɗa ɗaya, inda damina ke cika kwata ta malalo cikin gida, nan ne gidanta.

A shekarar 1972 Farfesa Benjamin Osuntokun, shahararren likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na asibitin koyarwa na Jami'ar Badun, shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mutum 959 masu taifot. Fiye da rabinsu sun sami ruɗewar hankali ko sambatu a lokacin da ciwon ya yi tsanani. Kaɗan daga cikinsu kuwa alamunsu sun yi kama da na taɓin hankali sosai. Likitocin ƙasar nan sun san cewa akan kai irin waɗannan asibitin masu taɓin hankali kai tsaye, sai an auna zafin jikinsu sa'an nan a gane inda aka dosa. Har tsince-tsincen nan da majinyaci ke yi a jikin shimfiɗa, tsofaffin littattafan likitanci sun daɗe da lissafa shi cikin alamun taifot mai tsanani.

Haɗarin shi ne, wajen mako na uku ciwon yakan huda hanji. In haka ta faru sai fiɗa, kuma cikin sa'o'i kaɗan ake bukatarta. To, a dubi mutumin da ke wannan hali a ɗaure a bayan tirela, tsakanin Jaba da Mokwa, ba ruwa ba magani. In kuwa an kai shi asibiti da wuri aka sa masa ƙarin ruwa da maganin da ya dace, yawanci zazzaɓin na sauka hankali na dawowa, ya tashi yana tambayar abin da ya kawo shi gadon asibiti.

DARASIN TUNJERE

Cutar da ta fara buɗe wa likitoci ido a kan wannan al'amari ita ce tunjere, wadda ake ɗauka ta wurin saduwa. A ƙarni na 19 gidajen mahaukata na Turai cike suke da waɗansu maza masu matsakaicin shekaru da ke da ciwo iri ɗaya. Mutum mai natsuwa sai halinsa ya sake, ya shiga almubazzaranci, ya ce shi sarki ne ko ya fi kowa dukiya a duniya, sa'an nan harshe ya yi nauyi, mantuwa ta kama shi, jiki ya shanye, cikin 'yan shekaru ya mutu. Aka yi ta gardama a kan sanadin abin. Waɗansu suka ce giya ce, waɗansu suka ce gado ne, waɗansu suka ce yawan tunani.

A 1905 aka gano ƙwayar tunjere a Jamus. A 1913 wani likita mutumin Japan mai suna Hideyo Noguchi, wanda ke aiki a birnin New York na Amurka, ya duba ƙwaƙwalen waɗanda wannan hauka ya kashe da madubin likita, ya ga ƙwayar a ciki ƙuru-ƙuru. Gardama ta ƙare. Watau ɗan gyambon da ya fito wa mutum a al'aura yana saurayi, ba zafi, ya warke da kansa har aka manta da shi, shi ne ke dawowa bayan shekara 10 ko 20 ya ci ƙwaƙwalwa. Shi dai Noguchi a Afirka ta Yamma ajalinsa yake: a Ankara ta ƙasar Gana ya rasu a 1928, yana binciken cutar shawara ta kama shi.

Maganin farko da aka samu abin mamaki ne. A 1917 wani likita a birnin Biyana na Ostiriya, Julius Wagner-Jauregg, ya fara ɗibar jinin mai zazzaɓin cizon sauro yana yi wa waɗannan majinyata allura da shi da gangan, don zafin zazzaɓin ya kashe ƙwayar tunjere, daga baya a ba su kwinin. Waɗansu sun mutu, waɗansu sun sami sauƙi har suka koma gida, kuma a 1927 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Zazzaɓin da ya ishi kowa a nan, a can ya taɓa zama magani. Da aka fara amfani da allurar fenisilin a kan tunjere a 1943 sai aka bar wannan dabara, kuma irin wannan hauka ya ragu ƙwarai.

Amma tunjere ba ta ƙare a duniya ba. Maganar da ba a son faɗa ita ce, da yawa daga masu neman kuɗi a Kurmi sukan yi shekara ko fiye ba tare da iyalinsu ba, kuma ba kowa ke iya kame kansa ba. Gwajin jini ne kurum ke nuna ta, fenisilin kuma har yanzu yana kashe ta, sai dai abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba lalle ya gyaru ba. Haka cutar ƙanjamau, in an bar ta ba magani, takan kawo mantuwa da sakewar hali.

Tsofaffin ƙasar Zazzau sun san wani misalin. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ba da barci yake farawa ba. In ya kai ƙwaƙwalwa mutum yakan zama mafaɗaci ko ya daina kula da kowa, ya kwana ido biyu, ya wuni yana gyangyaɗi. Yawansa ne ya sa a ƙarshen shekarun 1930 aka shiga sare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Yanzu ciwon ya yi wuyar gani a Nijeriya.

FARFAƊIYA DA TSUTSA

Sanƙarau ba ya bukatar gabatarwa. A annobar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Arewa, ya kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda ya bari da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta. Zazzaɓin cizon sauro ma in ya hau kan yaro yakan sa shi shiɗewa da dogon suma, ya bar masa irin wannan tabo.

Akwai kuma wata hanyar farfaɗiya da Musulmi ke zaton ba ta shafe shi ba, watau tsutsar alade. Wanda ya ci naman da bai dahu ba, tsutsar a hanjinsa take zama. Amma ƙwayayenta suna fita a bayan-gidansa, in bai wanke hannu ba su shiga abinci ko ruwa, wanda ya haɗiye su kuwa suna iya ƙyanƙyashewa su tafi ƙwaƙwalwarsa su yi ƙunzugu, ko da bai taɓa ganin alade ba. A 1992 likitoci suka ba da rahoton mutum 4 a New York, Yahudawa masu tsananin riƙo da addini waɗanda ba sa kusantar naman alade, da aka sami wannan tsutsa a ƙwaƙwalwarsu. Bincike ya nuna ta hannun masu yi musu aikin gida abin ya fi yiwuwa ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da tsutsar ta yi yawa ita ce sanadin kimanin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Saboda haka babban mutum da bai taɓa faɗuwa ba, in ya fara, hoton ƙwaƙwalwa yake bukata. Ita kanta farfaɗiyar kuwa ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki, don haka babu dalilin watsewa a bar mutum yana bugun ƙasa kusa da wuta.

Masana suna nan suna bin sawun waɗansu cututtukan. Akwai wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin kyanwa, wadda aka lura an fi samun alamarta a jinin masu taɓin hankali mai daɗewa, irin wanda mutum ke jin muryoyi. Sai dai ba a tabbatar cewa ita ke kawo ciwon ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito a 2022, lokacin da masana a Jami'ar Harvard suka bi bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, suka ga cewa kamuwa da wata ƙwayar cuta da ke yaɗuwa ta yawu tana ninka haɗarin wani ciwon shanyewar jijiyoyi da ake kira MS har sau 32. Amma kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ƙwayar, kaɗan ne ƙwarai ke yin ciwon, watau akwai sauran abin da ke haɗuwa da ita.

YADDA AKE RARRABEWA

Kada mai karatu ya ɗauka duk taɓin hankali na ƙwayar cuta ne. Mafi yawan mai daɗewa ba haka yake ba: akwai gado, akwai baƙin ciki, akwai wiwi da ƙwayoyin maye, waɗanda suka yi wa samari da yawa illa. Waɗannan su ma suna da magani, a asibitin Yaba da ke Ikko tun 1907, ko na Aro a Abekuta, inda a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, har yana aiki da masu maganin gargajiya.

Bambancin yana ga yadda abin ya zo. Haukan da ya faɗo cikin kwana ɗaya ko biyu ga mutumin da lafiyarsa ƙalau, tare da zafin jiki, ko ciwon kai mai tsanani, ko sanƙarewar wuya, ko shiɗewa, ko yawan gyangyaɗi, ko mutum ya kasa sanin inda yake da ranar da ake ciki, ya ɗan dawo hayyacinsa da rana ya birkice da dare, wannan na babban asibiti ne, sashen gaggawa, a daren ba sai gobe ba. Kafin a nemo igiya a fara taɓa goshinsa. Addu'a ba ta hana ƙarin ruwa shiga jijiya, malami yana iya bin majinyaci har bakin gado. Abin da ke kashewa shi ne a ce sai an gama wancan sa'an nan a gwada wannan.

Ɗan rakiya ya kasance wanda suke kwana ɗaki ɗaya, mai jin Turanci ko yaren garin, ko a nemi tafinta a wurin Sarkin Hausawa, domin majinyacin ba zai iya ba da labarin kansa ba. Likita zai so ya ji ranar da zazzaɓin ya fara, da ƙwayoyin da ya sha, har a zo da kwalayensu, da ko yana shaye-shaye, da ko ya je gida kwanan nan, da ko kare ya taɓa cizonsa. Shi cizon kare ba a jiran alama, don in ta bayyana kusan babu mai tashi. A wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi neman allurar riga-kafi a ranar.