Birkin Da Sai An Yi Masa Famfo

Mu da ke bin motocin haya daga Sakkwato zuwa Wurno, Rabah, Goronyo ko garinmu Maikujera mun saba ganin wani abu: direba ya hango shanu suna ƙetare hanya, sai ƙafarsa ta dama ta kama rawa, ya taka birki sau biyu ko uku kafin mota ta rage gudu. In ka yi magana ya ce, "Birkin ga lahiya lau shike, famfo kawai shika so." To, ba lafiya lau yake ba. Lafiyayyen birki taku ɗaya yake kamawa. Ga abin da na koya a aji da kuma gareji lokacin SIWES.

In ka taka feda, tana tura fistin ne a cikin masta, masta ta matse man birki, man ya bi ƙananan bututu zuwa ƙafafu huɗu, ya danna fad ko lainin a jikin ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Dokar Pascal ke nan da muka sha haddacewa don jarrabawa. Ruwa ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa. Saboda haka da zarar iska ta shiga layin, ƙarfin ƙafarka a kanta zai ƙare, ka ji feda kamar ka taka soso.

Gwajin ba ya bukatar ko sifana. A kashe mota, a taka birki kamar sau biyar har ya yi tauri, sannan a danne shi a riƙe na rabin minti. In fedar tana nutsewa a hankali, man yana gudu. A buɗe bonet a duba robar mai, a leƙa bayan kowace taya ko akwai jiƙa. In ba a ga yoyo ba, mai kuma bai ragu ba, robobin cikin masta ne suka gaji, man yana zagayewa ta bayansu. Wannan ba ya jin magani sai canza robobin ko mastar baki ɗaya.

In kuwa fedar tana sauka ƙasa sosai amma daga can ta tsaya da tauri, taku na biyu kuma ta hau sama, yawanci lainin ɗin baya ne ya cinye, ya yi nisa da doram. Takun farko cike wannan tazarar yake yi. Wannan yana cikin cututtukan motocin da ake wa famfo, kuma gyaransa bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba a lokacin tsadarta.

Mai laushin soso, shi ne na iska. Kafin a fitar da ita a tambayi ta ina ta shiga: mai ne ya ƙare a roba, ko an kwance bututu, ko man ne ya tafasa? Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro, don ba ya sallama. Man birki yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuwa 230, amma in ruwan cikinsu ya kusan kashi 4 cikin ɗari, sai su sauko 140 da 155. Yanzu ka ɗauki Golf da aka danƙara wa fasinja da buhunan albasa da tafarnuwa har but ba ta rufuwa, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ramuka, ga direba yana sauri ya isa kafin magariba saboda halin da yankinmu yake ciki. Taka-saki, taka-saki, tsohon mai ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi har ƙasa. In motar ta huce birkin ya dawo, sai a ce sammu ne. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sauya man duk shekara 2.

Masu zuba ruwan sabulu in mai ya yanke musu a hanya, su sani ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana sa tsatsa. Baƙin mai ko man giya ya fi muni, yana kumbura robobi ya kashe su duka. Abin da aka rubuta a murfin robar shi za a saya, kuma a rufe, ba wanda aka ɗura a gorar ruwa a bakin tasha ba.

Fitar da iska, wanda makanikai ke kira bilidin, aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka feda sau uku ya danne. Ɗayan ya sassauta ɗan notin da ke bayan ƙafar, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin na ciki ya ɗaga ƙafa. In ya ɗaga tun notin yana buɗe, iskar ta koma, an yi aikin baban giwa. A maimaita har mai ya fito ba kumfa. A yawancin motoci da ƙafar da ta fi nisa da masta ake farawa: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Kada a bar roba ta bushe ana cikin aiki. Mota mai ABS wani lokaci sai an haɗa ta da kwamfuta. In an gama har yanzu da laushi, a sa ido kan tiyo yayin da ake takawa, tsohon tiyo yana kumbura kamar balan-balan.

Wani abu da ke ruɗa mutane: mai yana raguwa kaɗan-kaɗan yayin da fad ke cinyewa, wannan ba yoyo ba ne. Amma motar da ake ƙara wa mai duk mako tana zubar da shi a wani wuri.

In birki ya shanye ana cikin tafiya, nan ne famfo yake da amfani: a taka da sauri-sauri, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu a hankali, kada a kashe inji. Kai kuma fasinja, in kana gidan gaba ka kalli ƙafar direba tun kafin a fita gari. In tana rawa, ka yi magana tun akwai gareji kusa, ko ka sauka ka jira ta gaba.