Ba Kowane Yawan Fitsari Ne Ciwon Sukari Ba

Da yayata a unguwarmu ta Iku, cikin Suleja, ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa tana yawan fitsari dare da rana, kowa cewa ya yi sukari ne. Aka hana ta tuwo da shinkafa har ta rame, amma gwaji ya nuna babu sukari. Daga baya likita ya danganta matsalar da ciwonta na zaizayar rigar jijiya, wanda Turawa ke kira maltiful sikilerosis.

Likitan Faransa, Charcot, ya bayyana wannan cuta a 1868. Garkuwar jiki ce ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. A wasu lokuta ƙalilan, ɓarnar kan taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa basofiresin, sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. In ya yi ƙaranci, sai fitsari ya yawaita, fari fat, ga ƙishirwa mai tsanani. In kuwa ya yi yawa, jiki kan tara ruwa, gishirin jini ya sirke, mutum ya rikice, har ya kai ga farfaɗiya.

Ni da na koyi Hausa bayan harshen gida, darasin da na ɗauka shi ne: rashin suna kan jawo rashin magani. Ya 'yan'uwana ɗalibai, ƙirƙirar kalmomin kiwon lafiya aikinmu ne. Kafin nan, a gwada jini da fitsari kafin a hana mutum abinci.