Fargabar Ranar Hoto da Haƙƙin Mai Sankarar Mama a Kan Danginta

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidajenmu, daga bakin tsofaffi zuwa kunnen yara, har ga shi yanzu ta sami hanyar shiga wayoyin hannu ana ta tura ta kamar wata fatawa, watau cewa da ake yi wai matar da aka yi wa aikin sankarar mama, in Allah ya ba ta sauƙi, to, ta kiyayi komawa asibiti a ɗauke ta hoto, domin hoton nan shi ke tayar da ciwon da ya riga ya kwanta. Masu faɗin haka galibi ba maƙiyanta ba ne. Goggonta ce, ko uwar mijinta, ko aminiyar da suka tashi tare, za ta zo dubiya ta zauna a bakin gado ta ce, "Haba 'yar nan, ai kin warke, me kuma za ki je nema? Abin da Allah ya rufe kada ki tono." Ita kuwa majinyaciya, da ma gabanta faɗuwa yake yi tun da ranar ta matso, sai ta ji an ba ta hujjar da zuciyarta ke nema, ta ninke katin asibiti ta tura ƙarƙashin katifa.

Shi dai ciwon, wanda wasu ke kira daji, wasu kansa, asalinsa ƙwayoyin halitta ne na cikin nono da suka fita daga ƙa'idarsu suna ta hayayyafa ba tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an same shi ga mata wajen miliyan 2.3, ya kuma yi ajalin 670,000, a Nijeriya kuwa babu wani ciwon daji da ya kai shi yawa a tsakanin mata. Maganinsa ya haɗa da aikin fiɗa, da maganin da ake ƙarawa ta jijiya wanda ake kira kemo, da gashi da na'ura, da ƙwayoyin da ake sha shekara da shekaru. Bayan an gama waɗannan likita kan sa wa mace ranakun komawa, da farko bayan wata uku zuwa shida, sa'an nan a riƙa nisantawa, tare da hoton nono sau ɗaya a shekara. Wadda ciwon ya riga ya kai wasu sassan jikinta kuwa, ita akan ɗauke ta hoto bayan 'yan watanni kaɗan, don a ga ko maganin da take kai yana aiki.

To, bari mu dubi da'awar nan da idon basira. Hoton da aka fi yi wa mata a garuruwanmu shi ne sikanin, wanda ake shafa wani abu mai sanyi a fata a goga na'ura a kai, kuma sauti kaɗai yake aikawa cikin jiki ya dawo da siffar abin da ya tarar. Shi ne dai wanda ake yi wa mai ciki, har ta dawo gida tana murna an ga ɗa yana motsi, ban kuwa taɓa jin goggon da ta ce ya tayar wa jariri da wani ciwo ba. Akwai wanda ake shigar da mutum cikin na'ura mai kama da rami, mai ƙara ƙwarai, shi kuma da maganaɗisu yake aiki. Waɗanda ke amfani da hasken nan mai ratsa jiki, wanda Bajamushe Röntgen ya gano a 1895, su ne hoton ƙirji, da hoton nono na musamman da ake matse nono tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙoƙi, da siti-sikan. Gaskiya ne hasken nan in ya yi yawa yana da illa, shi ya sa likita ba ya rubuta siti-sikan sai da dalili, domin nasa ya fi na sauran yawa nesa ba kusa ba. Amma abin da hoton nono ɗaya ke sa wa jiki bai wuce gwargwadon abin da kowane ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama cikin mako bakwai ba, ko ya taka asibiti ko bai taka ba.

Da a ce hoto ke tayar da ciwo, da matan Ingila sun ƙare, domin tun 1988 ake aika wa matan ƙasar da suka kai shekara 50 takardar gayyata su zo a ɗauki hoton nononsu kowace shekara uku, lafiyarsu lau, ba ciwo ba ƙari. Alhali kuwa a ƙasashe masu wadata, inda aka fi yawan ɗaukar hoton, fiye da 90 cikin 100 na masu ciwon suna nan da ransu shekara biyar bayan an gano shi, a Afirka ta Kudu kuwa adadin wajen 40 ne cikin 100. Ba hoto kaɗai ya kawo wannan rata ba, akwai samuwar magani da kuɗin sayensa, amma dai lissafin bai goyi bayan goggo ba ko ta wace fuska aka juya shi.

Ina kuwa maganar ta samo asali? Ba daga ƙarya tsagwaronta ba, daga abin da ido ya gani ne hankali bai fassara daidai ba. Mafi yawan matanmu ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa, bayan an sha jiƙo an shafa an yi turare wata da watanni, sai a ɗauki hoto a ce ya kai huhu ko ƙashi, bayan ɗan lokaci mai yi ya yi, mutane kuma su ce ai tun da aka sa ta cikin injin nan ba ta ƙara lafiya ba. Wanda ya haska tocila cikin rumbu ya ga gara ta ci hatsi, ba tocilar ta kawo garar ba. Haka kuma wannan ciwo yana da wata ɗabi'a, musamman irin da sinadaran jikin mace ke ciyar da shi, ta cewa 'yan ƙwayoyinsa na iya lafewa shiru a ƙashi ko hanta shekara biyar, ko goma, har ashirin, sa'an nan su motsa. Za su motsa ne ko an duba ko ba a duba ba, bambancin kawai shi ne wadda ake dubawa akan tari abin yana ƙarami, musamman in a wurin aikin ya sake fitowa ko a ɗaya nonon, lokacin da har yanzu ana iya kawar da shi. Ƙanwar wannan magana ita ce wai daji ba ya son ƙarfe, wadda ta hana mata da yawa yarda a ɗebi ɗan nama da allura a kai gwaji. Ya isa a tuna cewa Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin yanke wannan ciwo daga nono tun yana sabo, da ƙarfe kuwa ya yi aikinsa.

Sai dai rushe da'awar ba ya kawar da tsoron, domin tsoron gaskiya ne, likitoci kuma sun san da shi. Yakan fara kwanaki kafin ranar, ya tsananta a tsakanin ɗaukar hoto da fitowar sakamako. Za ka ga mace tana kai hannu kan tabon aikin tana lalube cikin dare, ciwon bayan da jiya ta ɗauka na shara ne yau ta tabbata ƙashi ne ya kamu, abinci ya ƙi shiga, yaro ya zubar da ruwa ta yi masa faɗan da ya fi laifinsa. A ɗakin hoton ma idonta na kan fuskar ma'aikaci tana neman karanta hukuncinta a goshinsa, in ya yi shiru ta ce ya ga abu, in ya sake goga wuri ɗaya ta ce shi ke nan, alhali shi ba a ba shi izinin faɗin komai ba. A nan ne kuma wasu masu dubiya ke ƙara mata wani nauyin, su ce, "Ke kuwa ina tawakkalinki? Sai ka ce ba musulma ba." Wannan magana tana ba ni haushi ƙwarai, domin mai faɗinta ya jahilci ɗibbu ya kuma jahilci addini. Alƙur'ani ya ba mu labarin tsoron da ya kama Annabi Musa, da baƙin cikin da ya taɓa idanun Annabi Yaƙubu, babu kuwa malamin da ya ce wannan ya rage musu daraja. Tawakkali a wurin malamai riƙon sababi ne tare da dogara ga Mai sababi, kamar yadda aka umurci wani mai raƙumi a hadisi ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sa'an nan ya yi tawakkali. Matar da ta hau mota gabanta na dukan uku-uku ta tafi aka ɗauke ta hoto, ita ce ta cika sharaɗin, ba wanda ke zaune lafiya lau yana auna imanin wani ba.

Talauci da nisan asibiti da lalacewar na'urori da yajin aiki duk suna hana mata komawa, kowanne kuma maganarsa daban ce. Abin da ke hannun dangi shi nake so a tsaya a kai, domin dubiya a wurinmu ta koma a cika ɗaki, a ajiye lemo da ayaba, a ce ya jiki, a amsa da sauƙi, a ɓarke da hira har majinyaciya ta rasa yadda za ta kishingiɗa. Ladabin gaida mara lafiya da aka karantar da mu a zaure shi ne a taƙaita zama, a yi addu'a, a faɗi alheri. Ba a kawo mata labarin wance da ta yi irin wannan ciwo wata uku ta rasu. Kada kuma a ce mata "in kina bukatar wani abu ki faɗa", kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. A ce, "Yaya, ranar Talata ni zan yi wankin yara," a kuma zo ranar Talatar. Mai shan kemo, wanda galibi bayan mako uku-uku ake ƙara mata, ƙamshin suya ma tayar mata da zuciya yake yi, saboda haka a dafa a wani gidan a kawo, kaɗan-kaɗan, ko kunu ne ko fate. Mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya, domin maganin yana karya garkuwar jiki, kuma in zazzaɓinta ya kai awo 38 a kwanakin nan, asibiti za a nufa ko tsakar dare ne, ba kyamis ba. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata a ɗauke mata daka da jan guga a makonnin farko, a taya ta motsa hannun yadda aka koya mata, in ya fara kumbura a sanar da likita. Ciwon nan ba a ɗaukarsa, don haka ware mata kwano ko tabarma zalunci ne kawai.

Miji kuwa, da shi nake musamman. Matar da aka cire wa nono, gashin kanta ya zube, faratanta suka yi baƙi, ta riga ta san abin da madubi ke nuna mata, fuskarka take dubawa ta ga ko akwai sauran matsayinta. Wannan ba lokacin aika ta gidan iyayenta "ta je ta yi jinya" ba ne a manta da ita can, ba kuma lokacin da za ta tsinci zancen ƙarin aurenka a bakin maƙwabta ba ne. Ƙwayar tamoxifen da akan ba wasu su sha kullum har shekara biyar ko goma tana kawo zafin jiki da gumi da sauyin hali, ba a kuma son a ɗauki ciki ana kanta. Wanda ya san haka zai yi uzuri, ya kuma tabbata ba ta yanke ba don rashin kuɗi. Kuɗin da dangi ke kashewa a kan kayan dubiya, da za a haɗa shi wuri ɗaya a hannun amintacce, da ya biya kuɗin mota da na hoto. Gashi da na'ura kwana biyar ake yi a mako har makonni, wuraren yinsa kuma kaɗan ne, irin su Shika ta Zariya da Sakkwato da Abuja, a Nijar ma sai 2021 aka fara shi a Yamai. Duk wanda ke da ɗaki a waɗannan garuruwa ya sauki 'yar'uwarsa, ya yi mata abin da ya fi kwandon lemo ɗari.

Game da ranar hoton kanta, a sami mutum ɗaya mai natsuwa ya raka ta, ba mai saurin kuka ba. A haɗa takardunta duka, tsofaffin hotuna da sakamakon gwajin nama da sunayen magunguna, cikin jaka guda, domin likita da na bara yake gwada na bana. In hoton nono ne kada ta shafa hoda ko turare ko alimun a hammata, suna iya fitowa kamar ɗigo su jawo a sake kiranta a banza. In na maganaɗisu ne a bar 'yan kunne da awarwaro a gida. In siti-sikan ne a tambaya tun da wuri ko za ta zo ba ta ci komai ba, da ko ana bukatar gwajin ƙoda. Kafin a fito a tambayi ranar da sakamako zai fita da wanda zai yi bayaninsa, domin jiran da aka san iyakarsa ya fi sauƙin ɗauka. A kwanakin jiran kada a dame ta da waya ana "ya ake ciki?", a wakilta mutum ɗaya ya riƙa ba dangi labari, gwargwadon abin da ita ta yarda a faɗa, a bar ta da ayyukanta da wuridinta da kallonta, in ta so zancen a saurara, in ba ta so a yi wani. In takardar ta fito kada a kai wa ɗan maƙwabta mai Turanci ya fassara, kalmomin cikinta suna tsoratarwa ko da babu komai, a jira likitan da ya rubuta hoton. Wadda fargaba ta hana barci da ci makonni a jere ta gaya masa wannan ma, akwai abin da ake yi a kai.

Kada kuma a jira ranar da aka rubuta a kati in wani sabon abu ya ɓullo: ƙari a wurin aikin ko a ɗaya nonon ko a hammata, ciwon ƙashi da ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi tafiya, tari ko haki da ya ƙi ƙarewa, ciwon kai mai naci, ko idanu su yi ɗorawa. In sakamako ya zo ba yadda ake so ba, ɗan rakiya ya riƙe alƙalami, domin ita a wannan sa'a ba za ta riƙe rabin abin da aka faɗa ba. Ya tambayi inda abin yake, da maganin da za a koma kai, da kuɗinsa, da ko akwai ofishin tallafi a asibitin, ya kuma rubuta ranar dawowa a bayan katin kafin su bar ɗakin.