Yadda ƴan sama jannati suke sake koyon tafiya

Idan kumbon Soyuz ya sauka a filayen Kazakistan, ba a barin mutanen da ke ciki su fito da ƙafarsu. Ma'aikata ne suke ciro su ɗaya bayan ɗaya, su ɗauke su cak, su ɗora su a kan kujeru. Dalili shi ne jikinsu ya shafe watanni yana shawagi inda ba ya jin nauyinsa, ya saba da haka, kuma yanzu dole ya sake sabawa da ƙasa.

Matsala ta farko tana cikin kunne. A can ciki akwai wasu ƴan mitsi-mitsin duwatsu da suke kwance a kan wani abu mai yauƙi. Duk lokacin da mutum ya karkata kansa, nauyi yakan ja duwatsun nan gefe, sai jijiya ta sanar da ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. A sararin samaniya duwatsun ba su da nauyi, saboda haka saƙonsu yakan rikice. Bayan ƴan kwanaki sai ƙwaƙwalwa ta daina dogara da su, ta koma ga abin da ido ya gani. Ranar dawowa saƙon kunne yakan dawo da ƙarfinsa, alhali ƙwaƙwalwa ta manta yadda ake fassara shi. Ɗan juya kai kaɗan sai mutum ya ji kamar ɗakin ne yake juyawa. Ga jiri, ga tashin zuciya, ga tangaɗi wajen shan kwana. Shi ya sa sukan buɗe ƙafafu idan suna tafiya, kamar yaron da ake yi wa tatata. Wasu ma sukan saki kofi a iska, suna zaton zai tsaya inda suka bar shi.

Jini ma yana da tasa matsalar. A sama yakan taru a ƙirji da kai, jiki kuma ya rage yawansa. Da mutum ya miƙe tsaye a ƙasa sai jinin ya gangara ƙafafu, har yana iya suma. Don haka sukan sha ruwa da gishiri kafin su sauko.

Kunne da ƙwaƙwalwa suna saurin shiryawa. Yawanci cikin kwanaki kaɗan zuwa mako biyu tangaɗi ya wuce. Tsoka takan ɗauki makonni. Hukumar NASA tana da shiri na kwana 45 a birnin Houston, inda kowane wanda ya dawo yake yin kamar awa biyu kullum tare da mai horarwa. Akan fara da miƙe gaɓoɓi, da tafiya a hankali, da motsa jiki cikin ruwa. Daga nan sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, da tafiya a layi ido rufe, sannan gudu da ɗaga ƙarfe.

Ƙashi ne mai nawa. Ƙasusuwan da suke ɗaukar nauyi, irin na ƙugu da ƙafa, sukan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na kaurinsu a kowane wata, duk da motsa jikin kusan awa biyu da ake yi kullum a tashar sama. Wani bincike da aka buga a 2022 a kan ƴan sama jannati 17 ya nuna cewa bayan shekara guda da dawowa, ƙashin ƙwaurin da yawa daga cikinsu bai koma yadda yake ba.

Abin da ya sa masana suka damu da awannin farko shi ne duniyar Mars, domin wanda ya sauka can ba zai tarar da masu ɗaukarsa ba. Likitan nan na Rasha, Valeri Polyakov, ya yi kwana 437 a sama, a tashar Mir, daga 1994 zuwa 1995. Da ya sauka, ya taka da ƙafarsa daga kumbo zuwa kujerar da aka ajiye masa a kusa, don ya nuna cewa hakan mai yiwuwa ne.