Ko Kun Sani? Jijiyar Zuciya Ma Tana da Lamba

A Amurka, kamfanin inshora ba ya biyan likita sai ya ga lambar aikin da aka yi. Littafin lambobin, CPT, Ƙungiyar Likitocin Amurka ce ta fara fitar da shi a 1966. Sanya ɗan bututun raga na ƙarfe a cikin jijiyar zuciya da ta toshe, lambarsa 92928. Ɗaukar hoton jijiyoyin bayan an ɗura musu rini kuwa, 93454. Lambar bututun ma ba ta isa ba, sai an liƙa mata haruffa biyu masu nuna jijiyar da aka taɓa: RC ta dama, LD ta gaba a ɓangaren hagu. Idan ma'aikaci ya mance su, takardar neman biyan kuɗin na iya dawowa, majinyaci ya koma gida tuni, likita na nan yana jiran kuɗinsa.