Cinikin gida ta waya a Gidan Dare: Hoto na kawo mai saye, takardu ke rufe ciniki

A unguwar Gidan Dare da ke birnin Sakkwato, mai son sayar da gida ba sai ya jira dillali ya zagaya gari ba. Hotunan ɗakuna da tsakar gida a Facebook, WhatsApp ko Jiji sun isa waya ta fara ƙara, har daga Abuja da Kano.

Sai dai hoto ba ya rufe ciniki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a mayar da mallakar fili mai takardar gwamnati ga wani sai da amincewar gwamna. Don haka mai saye kan nemi takardar mallaka, da shaidar mai unguwa, da sa hannun magada idan gidan gado ne.

Bayan nan sai batun wuta. A Ingila, doka ta wajabta wa mai sayarwa ya nemi takardar da ke auna yadda gida ke cin makamashi, daga A zuwa G, mai aiki shekara 10. A Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, tambayoyin daban ne: akwai mitar kati? Kamfanin Kaduna Electric na bin gidan bashi? Layin yana rukunin A mai alƙawarin awa 20 a rana, ko E mai awa 4?

Mai gidan da ya haɗa rasitan wuta, ya kuma daidaita la'ada da dillali a rubuce kafin a ɗora hoto, ya toshe ƙofar da mai saye zai bi ya karya farashi.