Karmo: zaman "kafin in koma gida" da ke cin shekaru

Ka tambayi magidanci a Karmo ina ne gida, da wuya ya nuna maka ɗakin da ya kwana a ciki. Zai ce Funtuwa, ko Gusau, ko Azare. Nan ɗin fa? "Nan ai nema muke yi." Wani ya haura shekara goma yana wannan nema, a nan aka yanke wa 'ya'yansa cibiya, amma har yau zaman baƙo yake yi. Katifa mai kyau sai an koma gida. Karatun da ya yanke, sai an koma gida. Hutu ma haka.

Wannan ɗabi'a tana da tushe. Karmo, wadda ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar birnin Abuja, daf da yankin masana'antu na Idu a kan hanyar Gwagwa, ƙasar Gwari ce tun asali. Da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, direbobi da magina da masu gadi da ƙananan ma'aikata, waɗanda kuɗin hayar Wuse ko Garki ya fi ƙarfinsu, suka cika irin waɗannan unguwanni. Sai rusau ya zo. A zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, yankin Idu da Karmo na cikin wuraren da katafila ta shiga. Wanda ya taɓa wayar gari ya ga jan fenti a bangon maƙwabcinsa ba ya ɗokin dasa mangwaro a tsakar gida.

Sai kuma hanya. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masani Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka sa mata ma'aikata 909 a jihar Texas ta Amurka su zayyana yadda yininsu ya gudana, da abin da suka ji a kowane lokaci. Tafiya wurin aiki da safe ta faɗo can ƙasa cikin abubuwan da ke sa nishaɗi, hira da mutane kuwa tana daga sama. Waɗancan ma yawancinsu a motocinsu suke tafiya. Ina ga wanda zai fito bayan asuba ya yi kokawar shiga mota, ya dawo bayan isha'i, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ke cin babban kaso na albashinsa?

Shi ya sa nake jin haushin masu wa'azin "sauya tunaninka, ka yi arziki" da suka cika TikTok da Facebook. A wani bincike da aka wallafa a 2013, Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da wasu masana suka gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu: kafin girbi, lokacin da bashi ya yi musu katutu, da bayan girbi, da kuɗi a hannu. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin kaifin tunani bayan girbi. Ashe lissafin haya da na asibiti ba aljihu kaɗai yake ci ba, har da hankali. Mutumin Karmo ba rago ba ne, kansa ne ya ɗau kaya.

To me ya rage a hannunsa? Mutane. Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar wasu samari tun 1938, har adadinsu ya kai 724, kuma binciken bai tsaya ba har yau. Abin da shugabansa na yanzu, Robert Waldinger, ke nanatawa shi ne waɗanda suka fi jin daɗin mu'amalarsu da iyali da abokai a shekara 50 su ne suka fi lafiya a shekara 80. Duk maza ne, duk Amurkawa, kada a manta da wannan. Amma Bahaushen da ya ce zumunta a ƙafa take ba zai yi mamakin sakamakon ba. Matsalar ɗan ci-rani ita ce ya ajiye zumuntarsa a garin da yake zuwa sau biyu a shekara. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Idu zuwa Rigasa tun 2016 ya rage wa wasu nisa, sai dai ba ya kawo maka wanda zai riƙe maka yaro idan matarka ta kwanta asibiti cikin dare. Wannan maƙwabci ne, ko Bayarabe ne ko ɗan Tibi.

A nan mata sun sha gaban maza. Matar da ta shiga adashi da maƙwabtanta, take saro gwanjo a kasuwar Talata tana sayarwa a gida, take zuwa islamiyya da hantsi, ta riga ta yarda cewa a nan take zaune, kuma ta fi mijinta sanin wa ke da ciwo, wa ya haihu. Shi kuwa majalisarsa ta teburin mai shayi, in ya samu zuwa, rabin zaman a kan waya yake ƙarewa. Da zai sa yamma ɗaya a mako ta zama ta koyon wani abu, gyaran waya ne ko haɗa sola ko ƙarasa karatun da ya bari, a wurin mutumin da zai neme shi in bai zo ba, da ya samu sana'a da aboki a tafiya ɗaya.

Akwai abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Muddin mazauna ba su san wane layi ne zai tsira ba, wane ne taswirar Abuja ta ware wa wani, mai gida ba zai gyara magudanar ruwa ba, ɗan haya ma ba zai shiga ƙungiyar unguwa ba. Hukumar raya birnin tarayya ce ke riƙe da wannan taswira, kuma ita ya kamata ta fito da ita a fili, da Hausa da Gwari da Turanci, a manna a masallaci da coci da bakin kasuwa.